Keken Tela a Hawan Marina

Mai gidana tela ne, kuma Tela kowa ke kiransa a garinmu. Bayan bikinmu da 'yan watanni ya sayo keke na hannu, irin mai giya ɗin nan. Faranti biyu gare shi a wajen feda, babba da ƙarami. In hanya ta miƙe, sarƙa tana kan babba. In an zo tudu sai a murɗa wani abu a hannu, ta sauko kan ƙarami, tuƙi ya yi sauƙi. Haka ya yi mini bayani ranar da ya kawo shi, ina tankaɗe ina cewa to.

Sai dai shi keken bai ji wannan bayanin ba. Da an murɗa, sarƙar sai ta tsallake ƙaramin farantin ta faɗa can ciki, feda ta yi ta juyawa a banza. Tudu kuwa ɗaya ne tsakanin gidanmu da kasuwa, hawan Marina. A gindin hawan nan ceɗiyar ƙofar gidanmu na haihuwa take, inda Baffa mahaifina ke zama da abokansa tun hantsi.

To kullum ga yadda ake yi. Zai taho a guje, yana zuwa daidai ceɗiya ya murɗa, sarƙa ta zube. Sai ya dira, ya cire takalmi ya durƙusa a kai don kada wando ya ɓaci, ya sunkuyar da kai a gefen keken, bakinsa yana ta motsi. Dattawa suna zaune can tsallaken hanya, idanu sun yi nisa da ƙuruciya. Abin da suke gani shi ne yaro ya hango surukinsa, ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya zube ƙasa.

"Sannu Tela. An fito? Ya iyalin?"

"Lafiya lau, lafiya lau," in ji shi, bai ko ɗago ba.

In ya mayar da sarƙar, ba ya iya tayar da keke a tsakiyar hawa, sai ya tura shi har can sama. Su kuma su ce kun gani, ba ya ma yarda ya hau sai ya ɓace mana.

Ni na san abin da bakin nan ke faɗa, don a tsakar gida ma yana faɗa wa sarƙar. Ba gaisuwa ba ce. Akwai uwar wanda ya ƙera ta a ciki, wani lokaci har da kakarsa.

Da can Baffa bai cika yi da shi ba. Cewa yake tela mutum ne da ke yi maka alkawarin ƙaramar Sallah ya cika a babba. Amma ran nan na je gida, Inna ta ja ni ɗaki ta ce, "Sa'ade, mijin nan naki ki riƙe shi da kyau. Baffanku ya ce garkar nan ta bakin rafi shi zai ba wa bana ya yi albasa. Ya faɗa a gaban mutane. Ya ce duk cikin surukansa babu mai kunya irinsa. Mijin yayarki in ya zo wucewa a babur, hon kawai yake matsa musu kamar ya ga awaki."

Garkar nan kuwa mai gidana ya daɗe yana mafarkinta. In Sallah ta wuce ɗinki mutuwa yake yi, sai facin wando da rage wuyan riga. Da ya ji labarin bai iya cin tuwo ba don murna. Ya ce, "Ni dai ban san abin da na yi wa Baffa ba, kwanan nan sona yake yi."

Na ce, "Allah ya ƙara danƙon zumunci."

Me zan ce? In buɗe baki in ce mahaifina bai ga daidai ba, ko in ce mijina ba gaisuwa yake yi ba? Duk wanda na ɗauka a ciki ya fi ƙarfin bakina.

Shi kuwa ya dage sai ya ga bayan sarƙar. Ya tsiyaye mini man gyaɗa ya shafe ta, washegari kiyashi suka yi mata layi. Ya ce tsawo ta yi, ya cire mata gaɓa ɗaya, ta koma faɗuwa da ƙara. Ya ce farantin ne ya karkace, ya ari taɓaryata ya daddake shi, da bai karkace ba sai ga shi ya karkace, ya sake juya keken ya daddaki ɗaya gefen. Sabuluna duk ya ƙare a bakin wandunansa.

Da ya ce ran kasuwa zai kai wa Ila mai gyaran keke, na yi ta maza na ce, "Maigida, da ka ƙyale ta haka, ko zuwa a gama dashen albasa."

Ya dube ni. "Me ya haɗa sarƙa da albasa?"

"Babu. Na ga dai kamar kun saba."

"Ke dai ki ji da tukunya. Keke ba sanin mata ba ne."

Na koma na ji da tukunya.

Ya dawo daga wurin Ila baki har kunne. Wai ashe ɗan ƙarfen nan da ke tura sarƙa daga faranti zuwa faranti yana da ƙananan sukurori biyu, su ke tsayar da shi kada ya zarce. Na ciki ne ya kwance, shi ya sa yake tura ta har ta wuce gida. Ila ya ɗan ɗaure shi, ya ja wayar, ya kuma ce in zai murɗa ya riƙa sassauta ƙafa, ya daina taka feda kamar mai kirɓa ƙasar gini. Ya yi ta zagaya tsakar gida yana murɗawa, ƙyas ta hau, ƙyas ta sauka, kajina suna neman wurin ɓuya.

Washegari ina gidanmu, muna ɓarar gyaɗa da Inna a bayan zaure, inda duk abin da aka faɗa a gindin ceɗiya a kunnenmu yake. Baffa ya yi baƙo, Malam Tsalha, abokinsa tun na yarinta, wanda ba ya raga masa ko kaɗan. Na ji Baffa yana cewa, "Kai da kake cewa yaran yanzu sun lalace, zauna nan ka ga surukina. Yanzu zai wuce."

Na leƙa ta jikin ƙyaure. Ga shi nan tafe, hula a karkace. Dattawa suka gyara zama, wani har ya fara buɗe baki zai amsa gaisuwa. Yana zuwa daidai ceɗiya ya murɗa. Ƙyas. Sarƙa ta zauna daram. Ya haye tudun nan a zaune kan sirdi, ya ɗaga musu hannu ɗaya, na hagu ma, ya haɗa da kaɗa ƙararrawa.

Dattawa suka bi shi da kallo.

Can Malam Tsalha ya ce, "Shi ne wannan?"

Baffa ya sunkuyar da kai.

"A'a, ba laifi. Akwai sauri," in ji Malam Tsalha.

Bayan la'asar aka aika aka kira mai gidana, ya zo. Ya jingine keken, ya durƙusa, wannan karon da gaske. Baffa ya kawar da kai, don ba ya son haɗa ido da suruki, ya bar Malam Tsalha da tambaya.

"Tela, an yi maka wani laifi ne a nan?"

"Laifi kuma, Baba? Wane ni."

"To mutanen nan sun ce kullum sai ka sauka ka durƙusa a gabansu. Yau ka wuce su kamar an biyo ka."

Da ya yi shiru ya ce a yi haƙuri, da an wuce wurin. Ina bayan ƙyaure ina roƙon Allah ya kama masa baki. Amma murnar gyaran nan ba ta sake shi ba. Sai ji na yi ya ce, "Ai Baba an gyara ne."

"An gyara me?"

"Sarƙar. Da ma ita ce ke sauke ni a nan kullum."

Bai tsaya nan ba. Ya tashi ya jawo keken har gaban tabarma, ya ɗaga tayar baya, ya juya feda da hannu, ya nuna musu sukurun da ya kwance da wanda bai kwance ba. Ya ce yanzu in Allah ya yarda ba mai sake ganinsa a ƙasa a hawan nan.

Inna ta ajiye gyaɗar hannunta ta shige ɗaki. Malam Tsalha ya sa hannun riga ya toshe baki, kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu numfashi ya juya wajen Baffa.

"To malam, maganar garka fa? Ka riga ka faɗa a gaban jama'a, alkawari kuwa kaya ne."

Baffa ya daɗe yana kallon keken, sannan ya gyara hularsa.

"Ban fasa ba. Wanda ke gaishe mu na yi wa alkawari. A turo mini keken gobe da safe in nuna masa iyakar garkarsa."