Abincin Ganga

Ba zan taɓa mantawa da wannan Juma'ar ba, duk da na sha roƙon Allah Ya mantar da ni. Lokacin shekarata huɗu a Jidda ba iƙama, wato takardar izinin zama, tun da na zo umara na maƙale. Ina aikatau a unguwar Bagdadiyya, gidan wani ɗan kasuwa mutumin Burma, kuma matarsa ta yi min alkawarin in bikin 'yarsu ya wuce lafiya, maigidan zai zame min kafili, wato ya tsaya min in samu iƙama. Na gaji da laɓewa duk lokacin da na hango motar 'yan sanda.

Saboda bikin suka ɗauko kakan amarya daga ƙasarsu, wani tsoho makaɗi, shi da abokansa da kayan kiɗansu. Akwai algaita, akwai ƙananan farantan tagulla da ake bugawa da sanda, sai uwa uba ganguna ashirin da ɗaya, rataye cikin wani zagayayyen keji na katako da makaɗi ke zama a tsakiyarsa. Tun safe tsohon yake cikinsu, ya taɓa wannan ya kasa kunne, ya koma wancan.

Da maza suka tafi masallaci na shiga share falon. Sai na ga a tsakiyar kowace ganga an liƙa wani abu mai danƙo, toka-toka, kamar ɗumamen tuwo. Na ce a raina wannan wace irin ƙazanta ce ranar biki (ni ga sarauniyar tsafta). Na ɗauko cokali na kankare su tas, na bi da soso da ruwan sabulu. Ina gogewa ina tunanin mayafin da zan sa a hoton iƙama.

Bayan la'asar baƙi sun cika, tsohon ya shiga kejinsa, ya ɗaga hannu ya sauke. Sauti ya fito ɓaf-ɓaf, kamar ana dukan jiƙaƙƙen kwali. Maigidan ya tambaya wa ya taɓa gangunan, ni kuwa na fito daga bayan labule da murmushina na ce ni ce. (Wallahi a zatona haka kiɗan nasu yake, yabo nake jira.)

Tsohon bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya yi magana a hankali, amarya da kanta ta fassara min: abin da na kankare dafaffiyar shinkafa ce da toka, da ita ake daidaita muryar kowace ganga, kuma fatun da na jiƙa ba za su bushe a yau ba.

"Inna, ya ce abincin gangunan kika kwashe. Ya ce don ni kaɗai ya yi wannan tafiyar."

Ya zauna cikin kejin yana share hawaye da hularsa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Matar gidan ba ta ja zance ba. Ta miƙo min jakata ta ce, "Halas. Yalla." Wato shi ke nan, in kama hanya.

Ban sake samun mai yi min maganar kafili ba, har ranar da aka kama ni aka sako ni jirgin Kano. Yanzu ko yanar gizo-gizo na gani a ɗakin mutane, sai na tambaya ko aiki take yi.