Hoton da Alhaji Mai Nasara Bai Yarda Ya Yi Nishi Ba

Alhaji Mahamud Mai Nasara yana da shekara sittin da uku, kuma shi ne shugaban ƙungiyar dillalan gyaɗa ta Damagaram. Mutum ne mai kamun kai. Waɗanda suka yi shekara talatin tare da shi sun ce ba su taɓa jin ya yi atishawa a gaban na ƙasa da shi ba.

Tun bara duburarsa take leƙowa in ya zaga. Shi yana kiran abin gajiyar shugabanci. Da zama a kujerar taro ya gagara, matarsa Hajiya Lubabatu ta kai shi likita a Zinder, aka tura shi Yamai don hoton radiyo, wato hoton cikin jiki.

Can likita Raudatu ta yi masa bayani. Za a ɗura masa wani farin ƙullu ta ƙasa, ya hau wata kujera mai rami, ya yi yunƙuri kamar yana ban ɗaki, na'ura tana ɗauka. Sai hanji ya sauko a hoton za a san aikin da za a yi masa.

Alhaji ya hau da hularsa. Ya miƙe wuya, ya ɗora hannaye a gwiwa, ya dubi na'urar yadda yake duban masu hoto ranar buɗe kasuwa.

"Baba, yi nishi," in ji likita.

"'Yata, gwamna uku na yi hoto da su. Babu wanda ya ce in yi nishi."

"Baba, in ba ka saki jiki ba, ba za mu ga komai ba."

"Abin da ake so ke nan."

Minti arba'in ya riƙe. Hoto ya fito tsaf, komai yana mazauninsa. Likita ta rubuta cewa gwaji bai yiwu ba, ba za a yi aiki ba sai an sake, ta sa masa ranar Talata.

Ya komo Zinder a kwance rub da ciki a bayan mota, ya shaida wa 'yan ƙungiya cewa Yamai ta duba ba ta sami aibu ba.

Ran Litinin ya sa mataimakinsa Sama'ila a motar Yamai, da takarda mai hatimi, ya je ya wakilce shi a gwajin.