Yadda Za Ka Kafa Cibiyar Nazarin Duniya a Ɗakin Ajiyar Kakarka

Ɗana, bi matakan nan biyar, ni na lamunce maka kafin wata uku za a kira ka masanin hulɗar ƙasashe. Na ga aikinsu da idona a kan jikana Taufiƙ. Ubansa Ilyas ya yanke masa wa'adi: in baƙuwar da za ta zo daga wata gidauniyar Turai ba ta ɗauki nauyin cibiyarsa ba, ya ajiye kwat ya koma shagon atamfa a kasuwar Mokolo.

Mataki na 1: Suna

Zaɓi na Faransanci, mai tsawon da sai an nisa sau biyu kafin a kai ƙarshe. Lallai a ji "duniya" da "dabaru" a ciki. Kai ne darakta, kai ne mataimakinsa.

Mataki na 2: Ofis

Manna taswira a bango, ka sa tabarau ko idonka lafiya lau. In za ka yi hira ta waya, tura buhunan albasa inda kamara ba ta kai. Wari ba ya bin intanet, wannan ilimi ne babba.

Mataki na 3: Rahoto

Shafi sittin, kwafi ɗari uku. Ko rikicin wace ƙasa ne, rufe da cewa akwai buƙatar ƙarin tattaunawa. Na ce masa, "Taufiƙ, wa zai karanta wannan tulin?" Ya ce, "Kaka, ba don karatu ake yi ba, don a ambata ne." Na ce to, Allah ya sa a ambata.

Mataki na 4: Ranar taro

Duba jadawalin manyan tarukan duniya kaf, kada naka ya yi karo da ko ɗaya. Sannan ka tsayar da Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana, a unguwar Briqueterie, gab da babban masallaci. Kujeru arba'in za su zauna su kaɗai, don duk wanda ka gayyata ya ɗauki darduma. Sahu zai cika titi, taksin baƙuwarka ya maƙale tun daga unguwar Tsinga. Kai ma dole ka bi jam'i, da takardar jawabi a aljihu.

Mataki na 5: Isar da saƙo ga talakawa

Baƙuwa za ta tako da ƙafa, ta jira a rumfar Garga mai soya, wato tsire, har a sallame, yunwa ta sa ta saya. Zai naɗe mata a shafi na goma sha huɗu na rahotonka, da tambarin cibiyarka a jiƙe da mai. In ta ɗaga maka takardar, kada ka daburce. Taufiƙ cewa ya yi, "Madam, haka muke kai bincike gida-gida." Garga ya taya shi: "Wallahi takardar Darakta ta fi jarida, ba ta yoyo."

Madam ta yaba yajin ƙwarai. Ta ce za ta rubuto.

Yau Taufiƙ yana auna yadi shida a Mokolo, yana yi wa mata bayanin Kwamitin Sulhu, su kuma suna neman ragi.

Gargaɗi

Wanda ya bi matakan nan ya wayi gari da almakashi a hannu, kada ya tako ƙofata. Ni tsohuwa ce, ko Faransancin ban iya ba. Rahoton nan, kwali biyu kawai na ba Garga, shi ma don ɓeraye sun fara haihuwa a ciki.