Kukar Lagireto

"Lahiya lau, ango. To ya gajiyar turin mota?"

Maccido ya durƙusa a ƙofar ɗakin kakarsa Sabuwa a Wurno, hannuwansa duk baƙin mai. A waje ya bar akori-kurar da ya gada wurin marigayi kakansa, a kan gangare, ya tokare ta da dutse, don ba ta tashi sai da turi. Buhu talatin na albasar Alhaji Sa'adu ke kanta, daga Goronyo za su kasuwar Achida, ga lagireto yana yoyo. Alhaji kuwa ya rantse in ta ƙara tsayawa da kayansa a hanya, ya daina ba ta lodi. In babu lodin Alhaji, sai dai masu sayen tsohon ƙarfe su kwashe ta.

"Amarya, garin kuka nika so. In zuba ma lagireto, shi toshe hudar."

"Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ni nac ce gaisuwag ga ta yi tsawo," in ji tsohuwar. "Motocin mutane na shan mai, taka na shan miya."

"Da tsohuwar zuma aka magani. Ke ma ba ga shi muna lallaɓa ki ba?"

"Ni ka taɓa ganin an tura ni kahin in tashi?"

"Jiya mutum biyu sunka ɗaga ki daga tabarma."

"Ƙarya kaka yi, mutum guda ne. Ita kau motar, ran suna a Tursa liman da ladan duk sai da sunka sa hannu."

"Ko banza ta hi ki haƙora."

"Ta hi ni tari dai. In ta yi gyaran murya a Rabah, awakin Wurno watsewa sukai." Ta gyara zama. "Wancan makon ma ba ka shigo ka ɗiba ba, ba sallama?"

Nan Maccido ya sosa ƙeya. Ranar sauri yake, ya ɗauki gwangwanin da ta riga ta haɗa da daddawa da barkono. Lagireton ya toshe kam, amma tun daga Wurno har Achida motar ƙamshin miya take.

"An ce karnuka bakwai sunka raka ka."

"Huɗu ne, Kaka. Guda ma gurgu ne."

"Kuma shi yar riga ka isa."

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Rana ta fara ɗagawa, albasa kuma ba ta son rana.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Kaka. In ban kai kayan ga ba yau, gobe a kilo za a auna ta."

Sabuwa ta leƙa ta zaure. Daga nan ana hango kujerar direba, wadda har yanzu take lotse ta gefen da mijinta ke jingina. Tana zagin motar kullum, amma tana sonta, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ta jawo gwangwani ta girgiza. Ɗan abin da ya rage ke nan, na miyar yau, ga tuwo ba ya ciwuwa gaya.

"Miji na gari shi ka kawo cehwane, kai kwashewa kakai."

"In na dawo da tsire zan zo miki."

"Da wane haƙorin zan ci? Kai dai ba ka san inda ke maka ciwo ba."

Ta juye kukar duka a leda, har da bubbuga gindin gwangwanin, ta cilla masa tana dariya.

"Ungo, tahi. In ta tahwasa a hanya kar ka zubar. Juyo da ita gida, ni ina nan ina tuƙa tuwo."