Hoton da Na Rina

Me ya hana ni bari a kai hoton nan Ikko? Kai mai rubuta labarina, rubuta dai, har yau ban sani ba.

Wani mai ɗaukar hoto ne ya sauka a kasuwar Gwandu. Muka taso daga Kalgo, maigidana ya tsaya masa cikin babbar rigarsa mai shuni. Hoto ya fito, riga ta koma ruwan toka. Mutumin ya ce ko mu karɓa haka, ko ya kai Ikko a shafa masa launi, sai baɗi.

Ni da nake rinin zare tun ina budurwa, Ikko ce za ta koya mini shuɗi? Na tsoma gashin kaza a tukunyar baban rini, na bi rigar cikin hoton a hankali. Ruwan baba ya malala har gemu. Na sa tsumma in goge, fuska ta tafi gaba ɗaya.

Malam maigidana ya duba, ya ce, "Riga kam ta yi kyau. Ina mai ita?"

Ba a sake ɗaukarsa hoto ba. Yanzu da ya rasu, rigar cikin hoton nake kallo ina kuka. Ranar da zai cika, ya riƙe hannuna yana murmushi.

"Kulu, likkafanin dai ki bar mini shi fari."