Ta'aziyyar Ƙwan Agwagwa

Da na sayi ɗan injin ƙyanƙyasa, na fitar da 'yan tsaki sau biyu, sai na ɗauki kaina gwani. Shi ya sa da surukata ta aiko da ƙwan agwagwarta daga Manga, na ce ta kwantar da hankalinta.

Na kula da ƙwan nan kamar jinjiri. Sati uku suka cika, lokacin da 'yan tsakin kaza ke fitowa, shiru. Na ƙara kwanaki ina kasa kunne, abinci ya daina shiga. A ƙarshe na yanke hukunci cewa na kashe su. Na ce wa matata Rifkatu ta zubar, na hau babur zuwa Manga neman gafara.

Na durƙusa na ce, "Mama, ki yi haƙuri, ƙwai sun mutu a hannuna."

Ta tambayi yaushe na sa su. Da na faɗa, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai, ɗana! Agwagwa kaza ce? Sai ta yi sati biyar. Ina ƙwan?"

Ban san yadda na iso gida Zuru ba. Na tarar Rifkatu na wanki, ko kusa da injin ba ta je ba. Ban taɓa gode wa Allah kan ƙin jin maganata ba sai ranar.

Duk suka fito, ban da biyu. Yanzu sun girma, amma duk sanda Mama ta kira waya, kafin ta tambayi jikokinta sai ta ce, "Yaya mamatanmu, suna cin dusa?"