Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Tururuwa Suka Tarar wa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da rasuwar Gwaggo, babba cikin kwamfutoci huɗun da na haɗa don binciken digirina. Ta cika jiya da hantsi a ƙarƙashin teburin ɗakin gwaji, saura kwana uku in kare aikina gaban malamai.

Marigayiyar ba ta taɓa cewa a'a ba. Da safe takan yi "ƙiit" sau ɗaya, fankarta ta ja "huuu", ta kama aiki.

Ga yadda ciwon ajali ya same ta. Na rubuta manhajar da za ta raba wa su huɗun aiki irin yadda tururuwa ke yi: wadda ta samo gajeriyar hanya sai ta bar ƙamshi, na baya su bi. Amma dole ƙamshin ya riƙa gushewa, don a gwada wasu hanyoyin. Ni kuwa, da wayona, na ga layin gushewar yana rage sauri, na goge shi. Gwaggo ce ta riga kowa gama aikin farko. Tun daga nan duk tururuwar da ta fito, wato kowane sabon aiki, wurinta take nufa. Kwana tara tana ɗauka ita kaɗai. Ina jin fankarta na nishi, ina cewa ƙwazo ne. Jiya ta yi "tak", ɗakin ya ɗauki ƙauri.

Ta rasu ta bar ƙanne uku, lafiyarsu ƙalau, jikinsu sanyi, ba su taɓa ɗaga ko tsinke ba. Ta tafi da sakamakon shekara biyu a cikinta, wanda ban kwafa ko'ina ba saboda na yarda da ita. Ta bar mahaifiyata, wadda ta riga ta shaida wa dangi kaf cewa na gama.

Mai gyara ya buɗe ta, ya shinshina, ya ce, "Ɗan'uwa, wannan kam sai haƙuri." Malamina ya ce, "Ranar ba ta matsawa."

Za a yi jana'iza ranar Alhamis ƙarfe goma na safe, a ɗakin taro na sama, gaban malamai biyar, ƙarƙashin allon da ke ɗauke da taken bincikena: raba nauyi daidai wa daida. Duk wanda ya iya ciro bayani daga faifan ajiyarta da ya ƙone, don Allah ya zo kafin lokacin. In ba a samu ba, a faɗaɗa ramin, mu biyu ne.